Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sadarwa Ta Najeriya Kan Kiran 112 A Fagge Da Sabon Gari

Zuwa ga
Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC,
Maitama, Abuja.



Ranka ya daɗe,

 

Ni mai gyaran waya ne a Ƙaramar Hukumar Fagge ta Jihar Kano. Na rubuto maka da bakina, da kuma bakin maƙwabtana na Kantin Kwari, da Singa, da Wapa, da titin Beirut, da Kasuwar Sabon Gari. Tambaya guda ce ke damunmu. Idan sabis ɗin layin mutum ya ɗauke, alhali na wani kamfani yana nan daram a unguwar, sai ya danna 112 saboda gobara ko haɗari, shin kiran zai shiga? In ya shiga, ina zai sauka? Wanda ya ɗauka zai san daga ina ake kira?

Mun kai wannan tambaya wuraren da aka saba kai kukan layi. Yaran da ke zaune a kanta sun karɓe mu da ladabi, sai dai horon da aka ba su na katin da ya maƙale ne, da data mai zurarewa, da layin da aka toshe. Wannan ya ce maganar injiniyoyi ce, wancan ya ce maganar hukuma ce. Layin ƙorafi na 622 kuma an tanade shi ne don mutum ɗaya ya kai ƙarar kamfani ɗaya, tamu matsalar kuwa a tsakanin kamfanoni take zaune, inda babu wanda zai ce tasa ce. Mai iko a wannan tsakani kai ne. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, don amsar da za ka bayar ma jama'a su ji ta.

Ranka ya daɗe, bari in tuna maka irin wurin da muke. Fagge zango ce tun asali, nan ayarin Azbinawa da Larabawa ke sauke kaya a bayan ganuwa. Sabon Gari ta kafu ne wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Har gobe unguwannin nan biyu na baƙi ne. Da hantsi, wanda ya kwana a Maraɗi yana ciniki da wanda ya kwana a Onitsha. Shaguna a manne da juna, cike da atamfa da shadda da katifa da roba da man girki. Kowace ƙofa da janaretonta, wayoyin lantarki a sarƙe a saman kai, lunguna kuma ko mai kura sai ya karkata. Da dare ya yi, dukiyar biliyoyin naira tana hannun masu gadi, kuma makaminsu bai wuce tocila da 'yar ƙaramar wayar nan da muke kira rakani-kashi ba.

Mun ɗanɗana abin da hakan ke haifarwa. A ranar 26 ga Maris, 2016, gobara ta cinye Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi da ke Sabon Gari, hukumomi suka ƙiyasta shagunan da suka ƙone sun kai kimanin 3,800. A ranar 17 ga Mayu, 2022, fashewa a titin Aba ta kashe mutum 9, daf da wata makarantar yara. A watan Agustan shekarar, bene ya rufta da mutane a titin Beirut, tsakiyar kasuwar waya. Kafin su duka, an kai harin bam tashar motocin New Road a ranar 18 ga Maris, 2013. Ban ce waya ce ta jawo ko ɗaya daga ciki ba. Na lissafa su ne don a kowane ɗaya, mintunan farko su ne suka fi tsada, kuma a waɗannan mintuna abin da ke hannun talaka waya ce.

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba. Sashe na 107 na Dokar Sadarwa ta 2003 ya ɗora wa hukumarka samar da lambar ceto guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, tare da hanyoyin da kira zai bi daga farko har ƙarshe ba tare da yankewa ba. Hukumar ta ware 112, ta mai da ita kyauta, ta gina cibiyoyin karɓar kira a jihohi, har da Kano, aikin da ya samu ci gaba sosai a zamanin wanda ka gada, Farfesa Umar Garba Dambatta. Mun gani, mun yaba. Amma gini da lamba rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne kiran ya isa a ranar da komai ya lalace, domin ranar ce aka yi lambar dominta.

Ga koke-kokenmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, kiran wanda sabis ɗinsa ya ɗauke. Duk wayar da ta zo teburina, tsada ko araha, an ƙera ta da sanin cewa 112 ba kamar sauran lambobi ba ce. Idan ta rasa sabis ɗin kamfaninta, takan laluba ta kama kowane ƙarfen sabis da ke kusa, sai ta nuna wani ɗan rubutun Turanci mai cewa kiran gaggawa ne kawai zai yiwu. Mutanenmu na ganin rubutun kullum, yawancinsu sun ɗauka alamar lalacewa ce, har kawo mana gyara suke yi. To waya ta yi nata. Sauran ya rage ga kamfanin da ke da ƙarfen: ko ya karɓi kiran wanda ba mai layinsa ba, ko ya mayar da shi. Wannan kuwa hukuma ce ke yanke shi a kowace ƙasa. A Amurka, tun shekarun 1990 aka wajabta wa kamfanoni su wuce da duk kiran 911, ko mai kiran nasu ne ko ba nasu ba. Birtaniya ta buɗe wannan ƙofa ga kiran 999 a watan Oktoban 2009. Mu a nan, mai gadin Kwari bai taɓa jin wani ya tsaya a rediyo ya ce masa: ko sabis ɗinka ya ɗauke, danna 112, za ta shiga ta layin maƙwabci. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da wuya ya amfane shi ranar tsanani.

Ɗaukewar sabis kuma a wurinmu abincin yau da gobe ce. Mai haƙar kwata ko mai aikin titi ya datse igiyar fayiba, ko man janareton ƙarfe ya ƙare, ko ɓarayi su kwashe batura. Gwamnatin Tarayya da kanta ta san girman abin, tunda a 2024 ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Ita kanta gobara tana iya cinye waya da injin ƙarfen da ke kan benen kasuwa, ta kashe sabis ɗin kamfani ɗaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Na biyu, kuma wannan ya fi na farko haɗari, shi ne kamfanin da ya mutu a ciki amma ƙarafunansa na waje suna numfashi. Waya na nuna sanduna cike, mutum ya danna 112, shiru. Dalili shi ne wayar tana ganin sabis ɗin kamfaninta, don haka ba za ta nemi na wani ba. Kamar shago ne da aka bari a buɗe, fitila na ci, babu kowa a ciki: mai saye zai tsaya yana ta sallama, ba zai wuce na gaba ba. Haka ta faru a Kanada ranar 8 ga Yuli, 2022, lokacin da kamfanin Rogers ya durƙushe, masu layinsa da dama suka kasa samun 911. Gwamnatin ƙasar ta tara manyan kamfanonin, kafin watan Satumba ya fita sun sa hannu kan yarjejeniyar ɗaukar kiran juna a lokacin larura. Haka kuma ta faru a Ostireliya ranar 8 ga Nuwamba, 2023, inda fiye da mutum 2,000 masu layin Optus suka kasa samun lambar ceto ta 000, hukumar sadarwar ƙasar ta ci kamfanin tarar sama da dalar Ostireliya miliyan 12. A watan Satumban 2025 kamfanin ya sake samun matsala a kan kiran ceto, wannan karon har da asarar rayuka. Ƙasashen nan sun fi mu wuta, sun fi mu kuɗi, sun fi mu injiniyoyi, abin bai ƙyale su ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maganin sananne ne: a wajabta wa kamfanin da cibiyarsa ta faɗi ya kashe muryar ƙarafunansa, ko ya saki wayoyin da ke maƙale da shi su koma wani. Sai dai irin wannan ba a fara koyonsa ranar da abu ya faru.

Na uku, baƙinmu. Ranka ya daɗe, kasuwannin Fagge ba na Kanawa kaɗai ba ne. Daga Maraɗi da Damagaram da Agadas ake zuwa sarin kaya, haka daga Chadi da Kamaru. Da yawa suna shigowa da layukan ƙasarsu, na Airtel ɗin Nijar, ko Moov, ko Zamani, su hau sabis ɗin kamfanoninmu na 'yan kwanaki. Mutumin Nijar da ya ga wuta, 18 hannunsa zai danna, in ɓarawo ne 17, don da su ya tashi. Idan wayarsa ta gane lambar a matsayin ta ceto, kiran zai tsaya a nan Najeriya. Idan ba ta gane ba, za ta ɗauke shi kira irin na kullum, ko dai ya faɗi, ko ya kama hanyar gida. Wannan haɗari yana ƙaruwa ne yayin da kiran murya ke komawa kan 4G, domin a sabon tsarin, galibi kiran baƙo yakan fara komawa kamfaninsa na asali kafin ya je inda aka aike shi. Ma'aikacin kashe gobara na Yamai ba shi da abin da zai yi wa wanda hayaƙi ya tsare a masauki a titin Faransa na Sabon Gari.

Gyaran ba shi da wahala. Kamfanin da baƙo ya hau sabis ɗinsa yana iya aika wa wayar jerin lambobin ceto na ƙasa tun lokacin da ta shigo, yana kuma iya karkatar da 17 da 18 zuwa cibiyar 112. A Tarayyar Turai, wadda ta ɗauki 112 tun 1991, duk wanda ya tsallaka iyaka yana samun saƙon tes da ke tuna masa lambar. Baƙonmu yana samun saƙon farashin kira da zarar ya wuce Jibiya ko Maigatari. Me zai hana a ƙara masa layi ɗaya da Hausa da Faransanci? Ƙa'idar da ECOWAS ta zartar a 2017 kan amfani da layi a ƙasashen juna ita ce inuwar da aka fake a ciki, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Fatake ba su fice daga Kwari ba. Ya kamata hukumarka ta zauna da takwararta ta Nijar, ARCEP, su daidaita wannan magana tsakaninsu, ba sai an jira 'yan siyasa sun shirya ba.

Akwai kuma baƙon cikin gida. A 2025 hukumarka ta amince da yarjejeniyar da ta ba masu layin 9mobile, wanda yanzu ake kira T2, damar hawa sabis ɗin MTN. Mun yi murna, don layuka da yawa da suka kwanta sun farfaɗo. Yarjejeniyar ta tabbatar da abu guda: kamfanoninmu sun iya ɗaukar kiran juna in akwai ciniki a ciki. Abin da aka iya saboda riba, ai ba za a ce ya gagara saboda rai ba. Ta kuma haifar da tambaya: idan mai layin wannan kamfani yana kan ƙarfen wancan ya kira 112 bai samu ba, wa za a tuhuma? Muna so ƙa'ida ta ambaci sunan mai alhakin tun yanzu, don kada ranar bincike kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Na huɗu, inda kiran ke sauka da abin da ke rakiyarsa. Dubban mutanen da ke Sabon Gari sun yi rajistar layukansu ne a Legas ko Aba ko Inugu. Kiran ceto dole ya bi ƙarfen da mutum yake ƙarƙashinsa a wannan lokaci, ya sauka a cibiyar Kano. Bayan ya sauka, sai maganar kwatance. A Kwari ba a san lambar shago ba, sunan gida da layi aka sani. Wanda ya firgita kuma ba ya iya kwatance, balle baƙo, balle yaro. Akwai fasahar da aka fara a Birtaniya a 2014, wadda manyan wayoyi na Android da iPhone ke ɗauke da ita, mai aika ainihin wurin da mutum yake zuwa cibiya da zarar ya kira lambar ceto. Tana cikin aljihun mutanenmu yanzu haka, jira take ƙasa ta shirya karɓar saƙon. Mai rakani-kashi kuma, aƙalla a nuna wa ma'aikaci wane ƙarfe ne ya ɗauko kiransa.

Kiran da ya biyo ta sabis ɗin aro yana da wani rauni na daban: yawanci yana isa ne ba tare da lambar mai kira ba, saboda kamfanin da ya ɗauko shi bai san shi ba. In ya yanke, ba a iya sake kiransa. Ya zama dole allon ma'aikaci ya nuna masa irin wannan kira, a kuma horar da shi ya fara da tambayar "kana ina?" kafin komai. Sannan harshe. Mai kira daga Fagge da Sabon Gari zai iya yin Hausa, ko Ibo, ko Yarabanci, ko Turancin buroka, ko Faransanci. Cibiyar da ke yi wa wannan gari aiki ya kamata a samu mai jin kowanne a kowane lokaci, dare da rana, kuma wanda in an ce masa 'Yan Kura ko Kwanar Singa ba zai ce a ina ne ba.

Na biyar, layukan da aka rufe. Tun watan Afrilun 2022 aka fara hana miliyoyin layuka kira saboda rashin haɗa su da lambar NIN, aka kuma rufe wasu gaba ɗaya a 2024. Ba mu ja da dalilin tsaro. Amma waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan dako, da masu gadi, da 'yan ci-rani, da tsofaffin mata masu talla, wato mutanen da suka fi kowa kwana kusa da kaya, suka fi kowa fara ganin hayaƙi. Hukuncin rashin rajista kada ya kai ga hana mutum neman ceto, domin wutar da ya gani ba shagonsa kaɗai za ta ci ba. Haka wanda katinsa ya ƙare, da wanda kamfani ke bin sa bashin kati.

Na san abin da za a ce: masu kiran wasa za su cika layin. Gaskiya ne, akwai su, kuma suna ɓata wa ma'aikata lokaci. Jamus ta fuskanci haka, shi ya sa a 2009 ta daina karɓar kiran ceto daga wayar da babu sim a cikinta. Amma ba ta rufe ƙofa ga mai sim ɗin da sabis ɗinsa ya ɗauke ba. Kowace waya tana da lambar jikinta da injin kamfani ke gani, ana iya gano mai maimaita wasa da ita. A hukunta mai wasa shi kaɗai. Kada laifinsa ya hau kan mai gadin da ke ihu da gaske.

Na shida, dogayen lambobi. Har yanzu in hukumomin agaji suka fito a rediyo, lambobi masu alƙaluma 11 suke karanta wa jama'a. A wurin waya, irin wannan lamba ba ta da bambanci da ta mai shayi: tana cin kati, ba ta aron sabis, in layi ya cunkushe tana bin sahu kamar kowa. Cunkoso kuwa tabbas ne, domin da zarar an ce wuta a kasuwa, duk mai shago da iyalinsa da mai bin sa bashi za su ɗauki waya a lokaci guda. Tsarin sadarwa ya tanadi yadda za a ba kiran 112 fifiko a irin wannan hali. Muddin ba a tabbatar wa mutane cewa gajeriyar lambar tana aiki ba, za su ci gaba da rubuta doguwar a bangon shago, su neme ta a cikin duhu.

Ranka ya daɗe, na san iyakar ikonka. Motar kashe gobara ba taka ba ce, ruwan cikinta ba naka ba ne. Rumfunan da suka toshe hanyoyin kasuwa, da motar asibiti da za ta kai mai rauni Asibitin Murtala ko na Ƙashi da ke Dala, duk suna wuyan Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin kasuwanni, kuma su ma muna da magana da su. Amma daga yatsan mai kira zuwa kunnen mai ɗauka, wannan tazara taka ce kai kaɗai. Lasisin kowane kamfani daga hannun hukumarka ya fito. A watan Janairun 2025 kun amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, aka ce mana don sabis ya inganta. Mun biya, muna kan biya. Ba mu ga abin da ya kamata ya riga kiran ceto cin moriyar wannan ƙari ba.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da muke roƙo:

1. Hukumarka ta fitar da umarni a rubuce, wanda kowa zai iya karantawa, cewa dole kowane kamfani ya karɓi kiran 112 daga kowace waya mai sim, nasa ne ko na wani, na gida ne ko na waje, a buɗe yake ko a rufe, da kati ko babu.

2. A wajabta wa kamfanin da cibiyarsa ta faɗi ya saki wayoyin da ke kansa cikin ƙayyadadden lokaci, a kuma riƙa gwada hakan a kai a kai, tare da tara mai zafi ga wanda ya gaza.

3. A turo injiniyoyin hukuma su yi gwaji a fili a Kantin Kwari, da Singa, da Kasuwar Sabon Gari, da titin Beirut, da rana lokacin cunkoso da kuma tsakar dare, da manyan wayoyi da ƙanana, da layukan gida da na Nijar, a gaban shugabannin kasuwa da 'yan jarida. Mu masu gyara a shirye muke mu kawo kowace irin waya da ake so.

4. A sa gwajin 112 cikin sharuɗɗan amincewa da wayoyin da ake shigowa da su ƙasar nan, musamman kira ta 4G, tun kafin a fara maganar rufe tsofaffin hanyoyin 2G da 3G.

5. A karkatar da 17 da 18 zuwa 112 ga layukan baƙi, a kuma sa sanarwar lambar cikin saƙon da ke tarbar su a iyaka, da Hausa da Faransanci da Turanci.

6. A kammala shirin karɓar wurin mai kira a cibiyar Kano, a wadata ta da ma'aikata masu jin harsunan garin, waɗanda suka san unguwanninsa.

7. Duk wata uku a wallafa alƙaluman kowace jiha: kira nawa aka yi, nawa suka shiga, nawa suka faɗi, nawa suka biyo ta sabis ɗin aro, kuma cikin daƙiƙa nawa aka ɗauka.

8. Bayan gwaji ya tabbatar, a yi shela da Hausa da sauran harsuna a gidajen rediyon Kano, da masallatai, da majami'un Sabon Gari, da tashoshin mota, a gaya wa mutane ma'anar rubutun nan da suke gani a wayoyinsu. A nemi hukumomin jiha su riƙa ambaton 112 kafin kowace lamba.

Idan wasu daga cikin waɗannan sun riga sun tabbata, to roƙonmu ya zo da sauƙi: a nuna mana, a sanar da jama'a. Idan ba su tabbata ba, muna roƙon a faɗa mana ranar da za a fara da ranar da za a gama. Muna kuma gayyatarka, duk ranar da aiki ya kawo ka Kano, ka ratso Fagge, mu zagaya da kai lungunan Kwari, ka danna lambar da hannunka a inda muke dannawa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba ka mashawarta nagari. Allah Ya tsare kasuwanninmu da gidajenmu daga gobara da kowace irin musiba, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani mai gyaran waya,
Fagge, Kano.